Ilu Mai Faifai da Bai Taɓa Kallon Fim Ba

Ilu bai taɓa zama ya kalli fim ba. Ko ɗaya! Na san wasunku za su ce Tela ya fara ƙarin gishirinsa, to ku tambayi duk wanda ya girma a ƙauyen nan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yawo da kwalin faya-fayan sidi a bayan keke, Lahadi yana kasuwar Ɗambatta, sauran ranaku yana ƙofar shagon ɗinkina, amma a ɗakinsa ko rediyo mai rai babu. Sai dai ya ɗauki faifai, ya ƙura wa hoton bango ido, ya ture hula gaba, ya zayyano maka labari tiryan-tiryan.

"Ka ga wannan mai gashin bakin? Azzalumi ne. A ƙarshe rijiya zai faɗa."

Mutum ya saya ya tafi. Washegari sai ga shi yana huci: "Ilu, babu rijiya a fim ɗin nan! Mai gashin bakin ma shi ne mutumin kirkin!"

Ilu ko a jikinsa. "To sun ɓata shi ke nan. Tsakaninka da Allah, nawa ya fi daɗi ko nasu?"

Ni da shi taubasai ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka tsiya tsakaninmu halal ce. Matarsa Hanne ta rasu tun muna da baƙin gashi, ba su haihu ba, kuma bai sake aure ba. In aka yi masa maganar, sai ya ce shi da kekensa sun fahimci juna, keke ba ya neman cefane. Mu yi ta dariya. Amma ni da nake maƙwabcinsa na san in ya shiga gidan nan da yamma, ba wanda ke yi masa sannu da zuwa. Shi ya sa yake daɗewa a shagona, sai na kai ga rufe ƙofa yake miƙewa.

Maƙo kuwa, kai jama'a! A wurin Ilu ba abin da ke mutuwa. Ka dawo masa da faifai ka ce yana tsalle, sai ya huro masa iska, ya goge da bakin riga, ya miƙo maka. "Je ka sa da bisimilla. Jiya ba ka yi ba, shi ya sa." Faifan da ya ƙi yi kwata-kwata kuma, gona za shi. Ya ɗaura su a zare ya rataye bisa gero, rana na dukansu suna walƙiya, tsuntsaye na tsoro. Daga bakin hanya za ka gane gonar Ilu, tana ƙyalli kamar an yi mata kwalliyar salla. Guda ɗaya kuma ya maƙala a bangon ɗaki, shi ne madubinsa na gyaran gemu.

Na ce, "Taubashi, madubi da rami a tsakiya?"

Ya ce, "Ramin daidai hancina yake zuwa. Dama ba abin kallo ba ne."

Da zamani ya juya, samari suka fito da kwamfuta suna tura wa mutane finafinai a waya, kasuwar faifai ta fara mutuwa. Kowa ya ce Ilu ya canza sana'a. Ina! Ya kafe.

"Kayan da ba a riƙewa a hannu ba kaya ba ne. Iska suke sayar muku. Ni in na ba ka, ka ji nauyinsa, in ya ƙi ka tsorata tsuntsu da shi. Wannan na wayar in ya goge, me za ka rataya a gona?"

To, wannan taurin kan ne ya kai shi. Wata Lahadi a farkon damina, wasu jami'ai suka shigo kasuwa da 'yan sanda, wai suna kamen masu satar fasaha. Samarin nan masu kwamfuta suka naɗe ta suka cusa a jaka, suka koma 'yan kallo. Ilu kuwa ga kwalinsa a buɗe, ya baje kaya a kan buhu. Da ya ga mutane masu tsafta sun tsaya a kansa, sai ya ɗauka ciniki ne ya zo. Ya ture hula gaba.

"Ranka ya daɗe, ɗauki wannan. Akwai gobara a ciki."

Babbansu ya juya faifan ya ce, "Na asali ne?"

"Asali kai! Jiya-jiya na karɓo shi daga hannun Alhaji, da ɗuminsa."

Wanda ya ga abin ya ce mini har aka ɗaure masa hannu Ilu yana yi musu kwatance. Wai in Alhajin da ke yin su suke nema, su zo ya raka su birni, gidan bene ne, injina na aiki dare da rana, ana fitar da kwalaye a mota. Har launin ƙofar ya faɗa musu. Suka ce, "Baba, kai muka gani." Aka jefa shi a mota, aka ɗora keken a kansa.

Na je kotu ranar shari'ar, da sababbin takalmana da suka cinye mini dunduniya. Alƙali ya yi masa bayani a nutse: waɗanda suka yi finafinan nan sun zuba dukiya da gumi, shi kuma yana cin haƙƙinsu. Na ga maganar ta shige shi, don Ilu ba ya wasa da haƙƙi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In na ci guminsu, su yafe mini, wallahi ban san haka abin yake ba. Amma ranka ya daɗe, ni kwali ɗaya gare ni. Mai injin fa?"

Alƙali ya ce, "Ba shi ne a gabana ba."

Ilu ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. "Ai na ga ba shi ba ne. Shi ya sa nake cigiya."

Kotu ta ɗauki dariya har sai da aka buga tebur. Ni ma na yi. Ban daina ba sai da na ji hukuncin: tarar da ko za a haɗa keken da kwalin da kan Ilun a sayar ba za su biya ba, ko kuma zaman gidan yari. Muka taru a ƙauye muka ce a jinginar da gonarsa a fito da shi. Na kai masa saƙon. Ya kalle ni kamar na zagi kakarmu.

"In jinginar da gona in fito in ci me? Zaren ɗinkinka? Nan fa tuwo kyauta suke bayarwa, Taubashi. Bar ni in ci kayan gwamnati, ban taɓa samu ba."



Ana cikin haka wata rana ina wurin mai shayi, sai aka nuno a talabijin ana ƙona faya-fayan da aka kama, an yi tsibi da su a fili, manyan mutane na zaune ƙarƙashin rumfa. Wa zan gani a layin gaba? Alhajin Ilu! Na san shi sarai, don na taɓa raka Ilu sari ranar da na je sayen yadi. Ga shi nan cikin babbar riga, wuta na ci yana tafi. Shayin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Da na koma ziyara na gaya wa Ilu, na ɗauka zai yi zagi. Sai kawai ya ce, "Rigar wace kala ce?" Na ce fara. Ya ce, "To Allah ya sa hayaƙin ya kama ta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya rame, ya kuma ɗauko wani tari mai zurfi. Amma ya ce mini ya samu aiki. Wai in an kulle su, fursunoni sai su kewaye shi ya ba su fim da baki, da faɗa da kuka da komai, har gandirobobi na raɓewa jikin ƙofa suna saurare.

"Kuma waɗannan nawa ne na kaina, ba na Alhaji ba. Na gaya musu, duk wanda ya fita ya ba da labarina ba izini, kotu za ta raba mu!"

Da zan tafi ya riƙo hannun rigata. "Geron ya yi kai?" Na ce ya yi. Mun yi masa gayya mun nome, amma gona ta san mai ita. Abin da aka girbe bai cika rabin rumbu ba.

Sai bayan an gama kaka aka sako shi. A ƙafa ya shigo gari daga bakin titi, don keken ba su ba shi ba, wai shaida ne. In aka tambaye shi sai ya ce, "Yana can yana ba da shaida. Keken nan ya san abubuwa da yawa." Daga wannan barkwancin kuma sai ya koma shiru. Bai sake kasa kaya ba. Ya zo ya zauna a bencina tun safe, ya zuba wa hanya ido, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Wasu ma da suka sha dariyarsa a da suka riƙa wucewa ta nesa, wai tsohon fursuna. Ni kuma in yi ta tsokanarsa ko zai rama, sai dai ya yi murmushi ya yi tari.

Bai ga wata daminar ba. Wata safiya ba a gan shi a masallaci ba, na leƙa gidan, na same shi kwance ya juya gabas, shi kaɗai, ya riga ya tafi.

Ni na ɗinka likkafaninsa. Ina ɗinki ina jiran in ji an ce daga bayana, "Tela, ka cika ɓarnar yadi." Duk tsawon zamanmu, shi ne ɗinki na farko da na yi masa bai yi ƙorafi ba.

Allah ya jiƙan Ilu, ya sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Waɗanda ya ci guminsu bai sani ba, Allah ya sanyaya zukatansu su yafe masa. Ya haɗa shi da Hanne a inda ba kaɗaici. Ranar da za a tsaya gaba ɗaya, mai kwali da mai inji a sahu guda, Allah ya yi masa sassauci, mu ma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.