Fitilar da Ta Shanye Mana Kunun Aya

Edita, Allah ya ƙara basira. In ana cigiyar dattijon da furfura ta cinye masa gemu amma wauta ba ta sake shi ba, kada a wahalar da mai shela, ni ne. Manomi ne ni a wani gari kusa da Maska, da rani kuma ina dillancin hatsi a kasuwar Dandume. Boko leƙawa na yi na fito, shi ya sa za ka ga rubutuna kamar kaza ta bi ta kan tawada. Abin da Allah ya hore mini shi ne karambani. Rediyo ta lalace na kwance, injin feshi na kwance, agogon bango na kwance. Wasu sun tashi, wasu har yau suna cikin kwali a ƙarƙashin gado suna jiran ranar sakamako.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda aikin wayarin wuta ne sana'arsa a Funtua. Ka san wasan taubasai ba ya tsufa. Duk inda muka haɗu, a ɗaurin aure ko a zaman makoki, sai na ce masa sana'arsa ba sana'a ba ce, ja da ja ne, baƙi da baƙi, wanda duk ya iya raba kaura da farafara a buhu ya gama iya ta. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce Allah ya nuna masa ranar.

Ranar ta zo ne da haihuwar 'yata ta fari. A gidanmu ta haihu, don haka taron mata na suna a wurinmu za a yi, dangin mijinta kuma daga Malumfashi za su zo. Mai ɗakina Hajiya ta yi suna wajen kunun aya, har uwar mijin yarinyar ta aiko da cewa ita ganin jariri na biyu ne a wurinta, kunun ayar da ake ba ta labari za ta zo sha. Hajiya ta ɗauki wannan magana da nauyi ƙwarai. Ta sayi aya, dabino da kwakwa, ta wanke robobi, ta goge firiza, ba ta da addu'ar da ta wuce a kawo wuta ana gobe suna, domin kunun aya ba ya kwana sai da sanyi.

Ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Na dubi ƙwan lantarkin da ke reto a silin ɗin falo, ƙudaje sun yi masa zane, na ce surukai ba za su zauna a ƙarƙashin wannan ba. Na je Funtua na sayo fitilar zamani mai faɗi kamar faranti, na bi ta bayan shagon taubashina don kada ya gan ni. Ana jibi suna, babu wuta, na kife turmi a kan tebur na hau. Da na kwance tsohuwar, sai ga wayoyi sun zubo mini cunkus, ja uku, baƙi uku. Ban tsaya duba yadda suke a haɗe ba. Na tattara jajaye na murɗe wuri ɗaya, na tattara baƙaƙe wuri ɗaya, na haɗa da wayoyin fitilar, na naɗe da salatif, na sauko ina jin kaina kamar injiniya.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Falo ya ɗauki haske fes, na tsaya a tsakiya ina gyaran murya don a lura. Ba wanda ya lura. Hajiya ta kwashi jiƙaƙƙiyar aya ta aika markaɗe, ta tace, ta ɗura, ta jera robobi a firiza har baki. Sai da ta gama ta leƙo ta ce in kashe fitilar, rana tsaka ce. Na je jikin bango, sai na tarar makunnin a kashe yake, fitila kuwa tana ci. Na ce a raina ƙila irin ta Turawa ce, a juye take aiki. Na danna. Tau! Gida ya yi tsit, firiza ta daina gurnani.

A nan na yi laifin da ya fi na farko. Hajiya ta tambaya, na ce mata ɗaukewa suka yi, ta san halinsu. Ta yi salati ta koma aikinta. Ni kuwa na sulale zaure inda mita take, na zaro fis na ga ya ƙone. Na sa siririyar waya na mayar, tau. Na sake, tau. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa makunnin falo yana nan a danne yadda na bar shi. Ina can ina gumi har aka yi azahar, aka doshi la'asar. Da na gaji sai na ce siririyar waya ce ba ta da ƙarfi, na samo mai kauri na cusa. Wannan ba ta ƙone ba. Abin da ya biyo baya ƙauri ne na roba daga silin ɗin falo, ga mai jego da jariri a ɗakin da ke jikinsa. Nan take na fizge fis ɗin. Daidai nan wata maƙwabciya ta shigo barka, tana ta yabon masu wuta, wai yau tun hantsi ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ban ga fuskar Hajiya ba, amma daga zaure na san ƙaryata ta ƙare.

Na kira taubashina. Ya zo a kan babur, tun daga ƙofar gida yana tambayar ina injiniyan Dandume. Ya kashe babban makunni, ya hau tsani, ya buɗe aikina, dariya ta kusa jefo shi ƙasa. Ya ce wayoyin nan gida uku ne: biyu sun kawo wuta, biyu sun wuce da ita ɗaki na gaba, biyu sun sauka zuwa makunnin bango. Baƙar da ta dawo daga makunni rigarta ce kawai baƙa, wuta take ɗauke da ita in an danna. Ni kuwa na ɗaure ta da sauran baƙaƙen, shi ya sa duk dannawa sai wuta ta yi karo da kanta. Ya gwada su da na'urarsa ya gano ta, ya naɗa mata jan salatif, ya yanke inda ya narke, ya canza makunnin da ya babbake. Yana yi yana tsokanata, ina ramawa da abin da ya sawwaƙa. Can ya tambaye ni ko na kashe babban makunni ranar da na hau turmi. Na ce me zan kashe, ai babu wuta. Sai ya daina dariya. Ya dube ni ya ce to da sun kawo fa, hannuna na cikin jajayen nan, ranar suna me za a zauna yi a gidan nan? Tunda muke da shi ban taɓa jin ya yi mini magana ba wasa a ciki sai ranar.

Fitila ta gyaru, firiza ta tashi. Ko sanyi robobin ba su fara ɗauka ba aka ɗauke wuta, ɗaukewa ta gaskiya wannan karon. Da safe Hajiya ta buɗe roba ɗaya, ta shinshina, ta rufe. Duk kunun ya yi tsami. Zoɓo aka dafa a gurguje aka ba baƙi da ɗuminsa.

'Yan'uwa masu karambani irina, ku ji daga bakin wanda ya taɓa. Launin waya ba shaida ba ne. Kada ka kwance abin da ba ka ga yadda aka ɗaura shi ba. An ɗauke wuta ba yana nufin an kashe ta ba, mai kawowa ba ya sallama. Fis in ya ƙone, gidanka ya fansa da ransa, kada ka saka masa da waya mai kauri. In kuma ka ɓata, ka faɗa da wuri. Da na faɗa tun rana tsaka, da kunun nan ya daskare. Kira mai sana'ar, ko da taubashinka ne.

Ranar suna da yamma wuta ta dawo. Na shiga ɗauko tabarma, na tarar matan Malumfashi sun ɗaga kai suna yaba fitilar, uwar mijin 'yata na riƙe da kofin zoɓo tana tambayar inda aka sayo ta. Hajiya ta juyo ta gan ni a bakin ƙofa, ta yi murmushi ta ce, "Yawwa Malam, ga ka. Sauko mana da ita ka zuba wa baƙi su sha."

Na ɗauki tabarmata na fita.