Shekarar da albasata ta haihu a ka

Shekara ashirin da uku ke nan da muka binne Malam Usman, wanda mu da muka tashi tare da shi a Aliero muke kira Mani. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Jega, ni kuwa manomin albasa ne, mai fitar da iri ina sayarwa. Tare muka yi firamare, shi ya wuce gaba, ni na koma fadama. Har ya bar duniya bai daina tsokanata da cewa na gudu daga makaranta ne don ba a raba gabu, wato albasa, a aji ba. Ni kuma ina rama masa da cewa duk ƙasar nan shi kaɗai ne zai tsaya kallon fure a bakin titi har motar Maiyama ta tafi ta bar shi. Ba sharri nake masa ba, an yi hakan.

Ga wanda bai san sana'armu ba, albasar ci ba a barinta ta yi fure. Ta iri kuwa, manyan kawuna ake zaɓa a sake dasawa da sanyi, su fitar da doguwar sanda, farin fure ya taru a samanta kamar dunƙulen auduga, daga baya ya zama baƙin iri. Mai saye ba ya iya gane iri mai kyau da ido. Sunanka yake saye, in sunan ya ɓaci sai ka nemi wata sana'a.

Nawa sunan ya kusa ɓaci a farkon shekarun jihar Kebbi, lokacin da hirar kowa ita ce wa zai samu aiki a Birnin Kebbi. Wani gefe na gonata ya yi abin da ko mahaifina bai taɓa ba ni labarinsa ba. Sanduna suka fito lafiya lau, amma maimakon fure sai ga ƙananan albasu sun tsiro a sama, wasu har da ɗan koren ganye. Albasa a ƙasa, albasa a ka.

Da farko dariya aka yi, ana cewa albasar Garba ta haihu a ka. Kafin wata ya zagayo dariyar ta ƙare. Wani ya ce ya taɓa ganina ina binne abu a kusurwar gona. Wani ya ƙara da cewa duk wanda ya shuka irina, albarkar gonarsa wurina za ta dawo. Wani dattijo na Gumbin Kure, wanda tun zamanin mahaifina wurinmu yake sayen iri, ya aiko direba da ƙullin da ya saya, ko saƙon gaisuwa babu. A masallaci na fara lura ana barin 'yar tazara a gefena. Wallahi na ji tsoro, na kuma ji kunya, har na yanke shawarar in tuge gefen nan in cinna masa wuta.

Ina cikin tara kara sai ga Mani a kan babur. Ya sauka ya tsuguna, ya zura wa albasun ido yana murmushi kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Garba, kak ka taɓa min su. Wanga abu na daɗe ina biɗar in gane shi da idona." Haushi ya kama ni, ina cikin masifa shi yana murna.

Bai kula da fushina ba. Ya tsinko furen kuɓewa a bakin kwamin ban ruwa, ya riƙa buɗe shi da farce yana nuna min: ga kore a waje, ga mai launi, ga masu ɗauke da gari, ga uwar a tsakiya. Ya ce, "Duka ganye na, aiki anka raba musu. Akwai abin da ka ba su umurni daga ciki, kai zama kaza, kai zama kaza. Taka albasa umurnin hure na bai kai ba, sai ta yi abin da ta saba." Na tambaye shi me ya hana umarnin kaiwa. Ya ce yana zargin zafi, amma gaskiya bai sani ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne ba hannun mutum a ciki.

Ya san bayani ba zai dawo min da masu saye ba. Ranar kasuwar Jega ya ɗauki damin sandunan nan, ya ja ni har wurin masu tsire inda direbobi da 'yan albasa suke taruwa. Ya sayi nama, ya ce a yanka masa albasun a kai. Mai tsiren ya ja da baya, ya ce, "Malam, wuƙata ba ta taɓa wanga abu." Sai Mani ya ɓare su da hannunsa, ya yi bismilla, ya riƙa ci a gaban jama'a, hawaye na zuba don yaji. Ya share ido ya ce, "Albasa ta, jama'a. Ta ma hi taku yaji." Sauran kuma ya dasa su a ƙofar gidansa, a bakin hanya, yana ba su ruwa kowa na gani, har suka yi kawuna irin na kowa.

Sai daga baya na gane abin da ya sa a kasada. Malami ne, 'ya'yan mutane ke hannunsa, kuma an yi ta maganarsa shi ma. Ya ɗauki sunansa mai tsabta ya jingina da nawa. Da kakar iri ta dawo, dattijon Gumbin Kure ya zo da ƙafarsa, muka gaisa, ya auni iri. Bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Yau 'yata Hadiza ta karanci ilimin tsirrai a jami'a. Ita ta zaunar da ni ta ce masu bincike sun gano masu ba da umarnin nan. Wasu ƙwayoyin gado ne a cikin tsiro, aikinsu kamar na mai raba wa manoma kuyya a gayya, ba su noma amma su ke cewa wane ya kama nan. Ta ce tsofaffi ne ƙwarai, sun girmi fure kansa. A cikin dogon zamani sai ɗaya ya zama biyu, guda ya riƙe tsohon aiki, ɗayan ya koyi sabo, shi ya sa furen shinkafa da na albasa da na kuɓewa ba su kama da juna alhali masu raba musu aiki dangi ne. Ban fahimci rabin zancen ba, amma na gane muryar abokina a ciki, sai da na tashi na ba ta wuri don kada ta ga idona.

Nakan tambayi kaina me Mani zai ce da ya ji. Na san Hadiza ba za ta ci abinci ba ranar sai ya gama tambayoyinsa. Na san kuma zai yi faɗa da masu ɗaukar hoton duk wani baƙon tsiro da waya suna yaɗawa wai alamar tashin duniya ce. Ciwo kaɗan ya yi ya tafi, bai ji amsar da ya yi ta nema ba, kuma wannan yana min zafi har yau. Bai rubuta littafi ba, ba a sa sunansa a wani titi ba.

Daminar bara wani manomi daga Gehuru ya yi sallama a ƙofata, riƙe da karan masara da ya yi ƙwaya a can ƙololuwa, inda fure ya kamata ya fito. Tsohon ɗalibin Mani ne, yana so a nuna wa Hadiza. Ya ce suna da rigimar iyaka da maƙwabcinsa, kuma 'yan'uwansa har sun fara kiran sunan mutumin, wai shi ya yi wa gonar asiri. Ya ce, "Nac ce musu Malam ya hana mu kiran sunan kowa kahin a buɗe abu a duba." Na tambaye shi ina maƙwabcin yake yanzu. Ya ce, "Shi yaɗ ɗauko ni bisa babur nai, ga shi can waje."

Na ce maza a shigo da shi, a kawo musu ruwa. Allah Ya jiƙan Mani, Ya kai haske kabarinsa.