Ranin da Na Kai Tallan Tumatirinmu Intanet

Tun kafin mu yi dashe yayana ya gaya mini, in ranin nan bai fid da mu ba, zai ba da gonar haya ya tafi birni jan A Daidaita Sahu. Gonar gado ce a bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, mu biyu muke noma ta. Tumatir kuwa ya yi, ya yi har ya ba ni tsoro, don na kowa ma ya yi. Dillalai suka zo suna taya kwando da abin da ko kuɗin ɗiba ba zai biya ba, suna yi suna sakace haƙori. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Yaya, ba ni mako guda, zan samo masu saye daga kudu da kaina."

Na yi masa bayanin abin da na koya a waya. Za ka zuba kuɗi, ka zaɓi kalmomi. Duk wanda ya rubuta su a wurin bincike na intanet, tallanka zai fara gani. Ba ka biyan komai sai an danna, amma in kason kuɗin da ka ware wa yinin ya ƙare, tallan ya ɓace sai gobe. Yaya ya ba ni abin da muka ajiye na takin damina.

Ranar da tallan ya fito, na kasa riƙe bakina. Bayan la'asar na nuna wa 'yan majalisarmu: ku rubuta kaza, ga mu nan a sama! Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu ana kabbara.

To, a garinmu in mutum ya buɗe shago, kowa sai ya leƙo ya ce Allah ya sanya alheri, ko ba zai sayi allura ba. Wanda bai zo ba ya yi abin kunya. Haka suka ɗauki tallan nan. Labari ya shiga gidaje, ya shiga zaurukan waya na dangi, ya kai har Dawakin Kudu wajen kawunanmu. Kowa sai ya nemo tallan ya danna, kullum kafin hantsi kason yini ya ƙare. Lokacin da 'yan kasuwar kudu za su nema, babu mu babu alamarmu.

Waya kam ta yi ta ƙara. In ɗauka ina zaton mai saye ne, sai in ji, "Ɗana, mun gani, mun danna, Allah ya yi albarka."

Na bi mutane ina roƙo. Na ce, "Kawu, don Allah ku daina, kowace dannawa kuɗi ake cira." Ya yi dariya ya ce, "Kai dai da kunya! Mu ƙi taya ka, wa zai taya ka?" Wani kuma ya yi fushi, wai na fara ganin kuɗi ina gudun dangi. Kuɗin me, jama'a?

Kafin in gano ashe ana iya hana tallan fitowa a yankinmu, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Tumatir ya yi laushi, ya fara tsagewa a jikin uwarsa. Wata mata ta kira daga kudu, na tura mata hoto, ban sake jin ta ba. Muka yanka abin da ya yanku muka shanya a bakin titi, ragowar kuma Fulani suka koro shanu suka cinye.

Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ba wani ɗan kasuwa gonar haya, ya ɗaure kayansa.

Ranar da zai tafi na shiga ɗakin mahaifiyarmu. Inna ba ta karatun boko, ba ta kuma san yadda abin yake ba. Ta ce kullum da safe takan sa matar Yaya ta nemo mata tallan, ta yi bismilla ta ɗora yatsa, kuma ta aika wa ƙawayenta su ma su yi.

Ta ce, "Ko dai namu ne bai isa ba?"

Na ce, "Ya isa, Inna."

Ta ce, "To me ya sa yayanka zai tafi?"