Shago Mai Ƙofar Gilashi

Mahaifina ɗan tireda ne. Tun kafin a haife ni yake da shago a bakin titin da ya ratsa unguwarmu a Haɗeja, cikin wani jeri na shaguna da rumfuna da suka jingina da juna. Nasa ne a tsakiya. A damansa akwai tela, a hagunsa mai gyaran rediyo wanda daga baya ya koma gyaran waya, can ƙarshe kuma mai shayi da wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi da ake kawo mata daga Guri. Kakanninmu makiyaya ne, amma Baba bai taɓa bin saniya ba. Abin da ya sani shi ne sukari da ganyen shayi da sabulu da ashana, da yadda ake ƙulla gishiri a leda ana hira ba tare da an duba hannu ba.

Filin da suke kai ba nasu ba ne, na wani tsohon gida ne da ke bayansu. Da maigidan ya rasu, magada suka sayar wa wani kamfani gidan da filin gaba ɗaya. A lokacin ina koyarwa a firamare, na yi aure, ina zaune a wani sashe na gidanmu.

Wata safiya muka tarar an kafa ƙaton allo a bakin titi. An zana bene hawa uku: shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama. Ga motoci a jere, ga shuke-shuke, ga mutane suna tafe da ledoji a hannu. A ƙasan hoton an rubuta waɗanda za su shigo: wani babban kanti mai rassa a Kano da wasu garuruwa, da kantin magani, da gidan sayar da soyayyun kaji.

Na zaci Baba zai tayar da hankali. Sai na ga akasin haka. Ya daɗe tsaye gaban allon, hannunsa a baya. Shi mutum ne da ya sha zuwa Kano saro kaya, ya ga irin waɗannan wurare, kuma ashe suna ransa. Rufin shagonsa yana yoyo duk damina, ɓeraye sun gagare shi, ƙurar manyan motoci tana kwanciya a kan gwangwanayen madara komai yawan kaɗewa. Da muna cin tuwo ran nan ya ce da ni, “Malam, ina so kafin in mutu in zauna a shago mai ƙofar gilashi.” Malam yake kirana tun da na fara koyarwa. Inna, mahaifiyata, ta yi dariya ta ce to Allah ya nuna mana.

Wakilin kamfanin ya tara su a inuwar bishiyar maina da ke gaban jerin. Mutum ne mai fara'a, ya iya gaisuwa. Ya ce babu wanda za a kora, za dai su matsa na ɗan lokaci, idan an gama gini su za a fara bai wa zaɓi. Tela bai yarda ba, ya ce a rubuta a sa hannu. Tsohuwa mai kifi tana ta korar ƙuda. Baba ne babba a cikinsu, kuma maganarsa suke ji. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har gida ya sami tela. Ya ce masa filin dai an riga an sayar, taurin kai ba zai dawo da shi ba, gara a rabu da mutunci a ci moriyar alkawari. Ya ce in da ya hango cuta, shi zai fara faɗa. A ƙarshe duk suka amince.

Wurin da aka ba su na wucin gadi yana bayan unguwa, ta gangaren fadama, kusa da jingar da ke tare kogi. Ranar da katafila ta zo ban tafi makaranta ba. Kafin azahar jerin ya zama tarin ƙasa da tsofaffin kwanuka, bishiyar ma aka tumɓuke ta. Aka kewaye filin da langa-langa.

Ciniki bai bi su gangare ba. Mai wucewa a titi shi ne mai sayen ashana da biredi, kuma babu mai wucewa ta can sai manoman shinkafa da masu zuwa kamun kifi. Mai shayi ya fi kowa jin jiki, don direbobi ne rabin masu zama a bencinsa.

Daminar shekarar kogi ya cika ya batse. Samarin gari suka yi ta ɗura ƙasa a buhu suna ƙara wa jinga tsayi, kuma jingar ta riƙe. Amma ruwan bai zo ta sama ba, ta ƙarƙashi ya tsattsafo. Da safe muka je muka sami shagon Baba ruwa har idon sawu, buhunan sukari da na fulawa da ke ƙasa sun jiƙe, kwalayen taliya sun saki. Muka ɗauko amalanke muka kwashe abin da ya tsira zuwa zauren gidanmu. Baba yana tattare wando yana cewa ba komai, jarrabawa ce, saura kaɗan. Kullum bayan la'asar sai ya taka zuwa bakin titi ya leƙa ta tsagar langa-langa, ya dawo ya ba mu labarin inda gini ya kai, kamar nasa ake ginawa.

Sai da wata daminar ta zo ta wuce sannan aka gama. Aka cire langa-langa, bene ya fito fari tas. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya ce in raka shi ofishinsu. Ba mu sami wakilin farko ba, an ce an mai da shi wani gari. Wani matashi muka samu, ya ba mu kujera, ya saurari Baba har ƙarshe. Sannan ya sunkuyar da kai.

“Baba, shago akwai,” in ji shi. “Amma ba na tireda ba.”

Baba ya ce bai gane ba. Matashin ya yi bayani a hankali. Babban kantin nan shi ya kama rabin ƙasan benen, kuma saboda shi sauran 'yan haya suka zo. Sharaɗin da ya gindaya kafin ya shigo shi ne kada a bai wa kowa wuri a ginin ya sayar da kayan masarufi, ko da ƙwayar magi ce. Ya ce in Baba yana so ya sayar da wani abu dabam, kamar kayan waya ko turare, za a duba.

“Yaro,” Baba ya ce, “ni sukari na sani.”

Matashin ya ce ya yi haƙuri, ba daga shi ba ne. Na yarda ba daga shi ba ne. Na so in yi magana a kan alkawarin da aka yi a gindin bishiya, Baba ya dafa gwiwata ya miƙe. Muka kamo hanyar gida.

Sauran ma haka ta faru da su, kowa da dalilinsa. Mai shayi aka ce ba a hura wuta a harabar. Tsohuwa aka ce ƙarnin kifi zai dami mutanen sama. Tela an yarda masa, amma hayar ta fi ƙarfin kekensa. Mai gyaran waya kaɗai ya sami wani lungu a ƙarƙashin matakala.

Ina wurin ranar da tela ya tare Baba a ƙofar masallaci. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Alhaji, kai ka zo har gidana.” Ya sa takalmansa ya tafi. Ba da daɗewa ba ya kwashe iyalinsa ya koma Kafin Hausa wurin ɗan'uwansa. Tsohuwa ta koma Guri wurin 'yarta, kuma daga can muka sami labarin rasuwarta. Baba ya shirya zai je ta'aziyya, ya kai har tasha, ya dawo.

Ya kafa kanta a zauren gidanmu ya jera ragowar kaya. Masu saye yanzu yaran maƙwabta ne da aka aiko sayen gishiri ko maganin sauro. Tsofaffin abokan cinikinsa, ma'aikata da masu sayayyar wata, suka koma babban kanti. Ba zan ga laifinsu ba: akwai sanyi, akwai haske, kuma wasu kayan sun fi sauƙi fiye da yadda Baba ke saro su. Idan suka haɗu da shi a hanya sai su tsawaita gaisuwa suna mai da leda bayansu. Ya daina zama a majalisar da ya yi shekaru yana zama. Inna ta ce da ni abinci ma taɓawa kawai yake yi.

Sau ɗaya ya shiga kantin, kuma shi ya ce in kai shi. Mai gadi ya ce ya ajiye jakar hannunsa a ƙofa, ya ajiye. Ya bi layin kaya a hankali yana ɗaukar gwangwani yana juyawa yana mayarwa daidai inda ya ɗauka. A wani wuri ya ga an jera sabulu kusa da ganyen shayi, ya ce da ni ƙasa-ƙasa shayin zai ɗauki ƙamshi. Bai sayi komai ba. Da muka fito ya tsaya ya dubi harabar, ya tambaye ni ko na gane inda shagonsa yake a da. Na nuna wajen da ake ajiye babura. Ya ce a'a, ya fi nan gaba kaɗan. Muka tsaya muna dubawa, daga ni har shi babu wanda ya tabbatar.

Hawan jini ya daɗe da shi, amma a wannan shekarar ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma da ƙyar. Likita ya ce a kula da inda ake sayen magani, saboda jabu ya yi yawa. Wurin da na fi amincewa da shi a kusa shi ne kantin maganin da ke cikin benen. Can nake saye, in juye a aljihu, in yar da ledarsu kafin in shiga gida.

Ya yi wata da watanni a kwance. Idan yaro ya yi sallama a zaure yana neman abu, sai ya ɗaga hannun hagu yana nuna wa Inna ta je, kada a bar mai saye a tsaye. Ya rasu ana girbin shinkafa.

Bayan an share makoki muka buɗe zauren ni da Inna. Madara da yawa ta lalace, taliya ta yi ƙwari. Ta ware abin da ke da kyau ta raba wa maƙwabta sadaka, sauran na kai juji. Ta ce in kwance kantar, tana so a riƙa shimfiɗa tabarma a wurin idan baƙi sun zo. Katakon ya tsufa ƙwarai, ƙusoshin da hannu na riƙa zare su.