Ɗigon Leɓen Gidanmu

Ban gama magana ba Baffa ya ce in tashi in bar masa ƙofar gida. Ina tsaye a tsakiyar tabarmi, na janyo leɓena na ƙasa da yatsu ina nuna wa mutane, surukai da maƙwabta duk sun zuba mini ido, wani ma waina na hannunsa ya kasa kaiwa baki. Sunan jikan Baffa ake yi a Gitata, ni kuma na taso da kekena na haya mai ƙafa uku tun daga Keffi don wannan maganar kaɗai.

Baffa ƙanin Babanmu ne, tun da Baba ya rasu shi ne babba. Ya ce yaron da ya gudu daga sakandare, ya kasa zaman shagon walda, ya kasa zaman gyaran waya, yau shi ne ya zama likita yana karanta wa mutane ciwo a baki. Wasu suka yi dariya. Na saki leɓen.

A gidanmu akwai wasu ƙananan baƙaƙen ɗige-ɗige da ke fitowa a leɓe da cikin kumatu, kamar an barbaɗa masoro. Ba a haihuwar yaro da su, sai ya fara tafiya. Tsofaffin matan gida su ɗaga leɓensa su duba, in sun gani a rangaɗa guɗa, a ce jinin kaka ya fito. Wanda bai samu ba kuwa tsokanarsa ake yi wai a kasuwa aka tsinto shi. Baba yana da shi. Yayata tana da shi, ni ma haka, haka ɗan Baffa, uban jaririn, wanda sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya.

Da damina ciwon ciki ya kayar da Yaya a gidanta na Tudun Ƙofa, tana amai tana birgima. A kekena na kai ta asibiti. Aka yi tiyata, suka ce hanji ne ya shige cikin hanji kamar hannun riga in ya juye, wani tsiro ne ya ja shi. Likitar da ta zo duba ta, wata 'yar siririya mai tabarau, tana yi mini bayani sai ta tsaya tana kallon bakina har na tsargu. Ta ce in buɗe. Ta tambayi me ya kashe Baba. Na ce ciwon ciki, ya rame, yana bayan gida da jini, an ce sammu ne. 

Ta ce a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wani abu da ake kira LKB1. Aikinsa kamar birki ne, shi ke hana ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba tsari. In an gaji mai matsala daga uwa ko uba, ɗigon nan yakan fito, tsiro ya fito a hanji, wani lokaci abin ya kai ga ciwon daji. Ba a tabbatarwa sai da gwaji, gwajin kuma ba a nan ake yi ba. Amma duk mai ɗigon a gidanmu ya kamata a zura masa kyamara a duba hanjinsa, a cire tsiron tun yana ƙarami.

Ni ba na iya zama da abu a ciki. Ina jiran fasinja a Sabon Gari ina danna waya, data tana ƙarewa ina sake sawa. Ashe duniya ta daɗe tana rubutu a kan abin nan. Turancina bai kai ba, sai in kwafa in sa waya ta juya mini Hausa, Hausar ta fito kamar ta mai maye. Abin da na tsinta dai: da can a kan masu irin ɗigonmu aka fi magana, yanzu hankali ya koma dajin huhu, da ciwon suga, da yadda ƙwaya ke ji in abinci ya yi mata kaɗan. Ɓeraye kuwa sun sha gwaji. An cire wa wannan ɓera birkin, an ba wancan magani, an auna, an zana. Na yi ta gangarawa ina neman layin da zai ce ga abin da direban keke a Keffi zai sha ya huta. Babu. Na koma na tambayi likitar, ta ce ana kan nema, yanzu dai kyamarar nan ita ce a hannu.

Na je aka yi mini. An ciro tsiron guda-guda, na gan su a kwalba. Ba daɗi, amma washegari na fita aiki.

Ɗan Baffa ne ya hana ni sakat. Manomin doya ne, da shi kaɗai yake ɗaga buhu, yanzu idonsa ya yi fari, yana tafe yana dafe ciki, kullum da gorar jiƙo da kanwa wai ulsa ce. Na kira shi ya ce bayan girbi. Na kira Baffa ya ce Allah ya sawwaƙe ya kashe. Shi ya sa na ce bari in faɗa a gaban kowa, ko kunya ta tura su.

Baffa ya biyo ni har bakin keke, ya rage murya. Ya ce akwai 'yan mata a gidan nan masu ɗigon, ga dangin masu nemansu a zaune, na zo na ce gidansu gidan ciwon gado ne. Wa zai ɗauka? Ya ce kakanmu da ɗigonsa ya tsufa har haƙoransa suka zube. Na ce Baba fa?

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji shi. "Kai ma naka zai ƙare, da kyamara ko babu."

Ya juya. Ina ƙoƙarin tayar da keke sai ga ɗansa da leda, naman suna a ciki.

"Likita bokan Turai," ya ce, "ka rasa ranar wa'azi sai yau?"

Na ce ya hau mu tafi yanzu. Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi, ya dafa ƙarfen keke ya sunkuya har ta lafa. Da ya ɗago ya ce maiƙo ne ya yi masa yawa, in gaida Yaya.

A hanya na tsaya gefen titi, na ciro waya na rubuta masa:

"Malam, ban ce ka yarda da ni ba. Ka ce wa Baffa za ka kawo doya kasuwar Keffi ranar Litinin, zan jira ka a tasha. Likitar za ta gan ka kawai, ba yanka ba, in ta sa ranar kyamara ni zan riƙe maka wando. Ba wanda zai ji daga bakina, na gama surutu. In kuma ciwon ya murɗa ka kafin nan, ko ka yi amai, kar ka sha kanwa, ka kira ni ko ina da fasinja."