Tabon Goro a Rigar Kakanmu

Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da shida, ina aure a Paraku, kuma ina ji da kaina wajen wanki. Ko a gidanmu na Jugu ni ake miƙa wa fararen kaya, har yayyena na tsokanata wai jabel, ruwan nan mai ƙarfi na wanke fararen kaya, shi ne turarena. Wannan jin kai ne ya kai ni ya baro.

Da na haifi ɗan fari, mahaifiyata ta zo yi mini wankan jego. Ranar suna mahaifina ya iso cikin farar rigar da ya gada wurin kakanmu, tsohon bafataken goro, wadda ba ya sa ta sai babbar rana. Ana cikin raha ruwan goro ya ɗiga masa a ƙirji. Ya ce in bar shi, ni kuwa na karɓe rigar ina cika baki cewa gobe sai ya nemi tabon ya rasa. Na sa sabulu, na sa lemun tsami, na jiƙa a jabel, tabon nan ko gezau. Haushi ya cika ni. Maƙwabciyata ta ce in ƙara da asid ɗin wanke bayi, na aika kasuwa aka kawo mini shi a gorar ruwan sha, ba suna ba rubutu.

Na shiga banɗaki na ja ƙofa don kada Baba ya ga na gaza, na tuttula asid ɗin cikin bokitin jabel. Ban ko tsuguna ba Inna ta shigo tana faɗa, wai a ina aka taɓa ganin mai jego da wanki. Ta kore ni wajen jariri, ta mayar da ƙofa ta zauna gaban bokitin don ta ƙarasa wankin. Ina ba da nono na ji tarinta, na ɗauka na tsufa ne. Da na leƙa, wari ya doke ni kamar an watsa mini barkono, ga Inna a ƙasa tana kama wuya. Da kyar aka riƙe ta a kan zem, wato babur ɗin haya, zuwa asibiti.

Likita ya tambaye ni abin da ke cikin gorar, na ce asid aka ce mini, amma ko wane iri ne ban sani ba. Ya ce jabel da asid in sun haɗu iska mai guba suke fitarwa, balle a ɗaki rufe. Da mijina ya je wurin mai sayarwa, cewa ya yi shi ma daga jarka yake ɗurawa. Wannan amsa har gobe tana ci mini rai.

Inna ta rayu, amma yanzu Fatiha ma sai ta huta a tsakiya. Rigar kuwa ta ruɓe, tabon na nan daram. Baba bai yi mini faɗa ba, ya ce dai tabon goro a rigar ɗan bafatake ba abin kunya ba ne, ni kaɗai ya dama.

Don Allah 'yan'uwa mata, kada ku haɗa jabel da wani maganin wanki, kada ku sayi abin da ba rubutu a jikinsa, ku bar ƙofa a buɗe. Na so fitar da tabo mai faɗin kwabo, na ƙare da sauraron numfashin uwata duk sa'ad da ta ta da sallah.