Buhun Ranar Alhamis

Duk wanda ya tashi a garinmu, da burodin Doña Herminia Tangarife ya yi wayo. Gajeriya ce, ga faɗa kamar kaza mai 'ya'ya. Babbar mota ke kawo mata fulawa ta titi, sai buhu ɗaya tal da take jira duk Alhamis a bayan Paloma, alfadarar Don Abundio, ta tsohuwar hanyar kan dutse.

Mutane na yi mata dariya, don buhun yakan iso yana warin gumin dabba. Ita ta san abin da ta gani. Tana amarya ƙasa ta zaftare ta binne titi, gari ya yi makonni ba shiga ba fita, tanderunta ya huce har kyanwa ta haihu a ciki. Tun ranar ta rantse ba za ta ƙara dogara da hanya ɗaya ba. Ita kuwa hanyar dutse, in aka yi damina guda ba a taka ta ba, sai daji ya haɗiye ta. Buhun nan shi ke riƙe da ita a buɗe.

Bara gwiwoyin Abundio suka yi masa tawaye. Ya iso yana jan ƙafa, ya zauna bakin tanderu, hula a hannu.

"Herminia, na gama. Sayar da Paloma zan yi."

"Wa zai saya? Tsohuwar da ta fi ka taurin kai?"

"Ba wasa nake ba. Gangaren nan ya fi ƙarfina."

"Ƙafa ta gaza, baki dai na nan. Ungo, ci." Ta miƙa masa burodi mai zafi, ta juya baya ta daɗe tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba.

Ta zaga gari neman mai karɓar hanyar. Nan take kowane saurayi ya tuna yana da ciwon baya.

Da Alhamis ta zagayo, sai ga shagon burodi a kulle, abin da ba a ƙara gani ba tun shekarar da ƙasa ta binne titi. Tana ƙofar Abundio da sassafe, adda a hannu, ta tsuke ɗamara.

"Hau."

"Ni? A kan Paloma? Buhun fa?"

"Rabin buhu za mu ɗauko. Kai ne sauran rabin. Dama ban da surutu me ke da nauyi a jikinka?"

"Za ki faɗi a can, a ce ni na kashe mai burodi."

"To ka buɗe ido ka nuna min inda zan taka, tsohon banza."

Da yamma, ruwa na tsuga, suka gangaro. Ita a gaba riƙe da linzami, hannuwa duk karcen ƙaya, tana haki tana zagin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Shi a sama, ya jiƙe sharkaf, ya sunkuyo iya ƙarfinsa ya miƙa lemarsa a kanta.